Tabon da Ya Raka Alƙali Gida

Mutumin bai taɓa zama a kotu ba, ko shaida bai taɓa bayarwa ba, amma duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa da sunan Alƙali ya san shi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don shi yake yanke wa aikinsu hukunci da ido, kuma in ya yanke ba a ɗaukaka ƙara. Idon nan shi ne jarinsa, da shi ya ci abinci, da shi ya yi rainon 'ya'yansa, kuma shi ne abin da ya zauna yana kallo yana tafiya bai ce uffan ba.

Ɗan mai gyaran agogo ne. Ya tashi a wani ɗan shago mai warin man inji, inda in ƙaramin noti ya faɗi ƙasa shi ake kira ya tsinto. Ubansa yakan ce yaron nan bai gaji komai a wurinsa ba sai ido. Karatu bai yi masa nisa ba, ya shiga makarantar koyon sana'a, ya iya aikin wutar lantarki da haɗa bututun gas. A haka aka ɗauke shi a jami'a, aka ce ya riƙa kula da wani tanderu. Ya shigo da baƙin gashi, furfura a nan ta same shi.

Farfesa 'yar ƙaramar mace ce mai saurin tafiya, wadda tun ba ta gama amsa gaisuwa ba take fara tambayar aiki. A kan kabon ta yi suna, wato sinadarin nan da ke cikin gawayi da bakin fensir. Ta ƙware wajen tsirar da shi a kan ɗan faranti, zare-zare a tsaye kamar ciyawa, sirara har gashin kai ya zama kututture kusa da su. In haske ya faɗa tsakaninsu sai ya yi ta yawo ya rasa hanyar fita. Da irinsa ake shafe cikin kyamarori da na'urorin hangen taurari, don kada haske ya yi ta karo da bango yana ɓata hoto, wasu zaren kuma a haɗa su da waya su zama ƙananan na'urori masu jin haske. Ɗalibanta sun watsu a ƙasashe, kullum ana kiranta taro. Alƙali ba ruwansa da taro, shi dai a bar shi da tanderunsa.

Kafin mutum ya shiga ɗakin da ake wannan aiki sai ya sa farar riga mai haɗe da wando, da hula, da takunkumi, da safar hannu, sannan ya tsaya a wani ɗan lungu iska ta kaɗe shi. Babu taga ko ɗaya a ciki. Fitilun rawaya ne, injin iska kuma yana gurnani tun safe har a tashi. Ba a ganin komai na mutum sai idanu. Da ido ake gane kowa, da ido ake dariya, da ido ake harara in wani ya zubar da abu.

In faranti ya fito daga tanderu ya huce, injin awo ne ya kamata ya faɗi ko ya yi. To amma injin yana can wani gini, layi ne da shi, sakamakonsa kuma sai an yi ta jira. Don haka aka saba a fara kawo wa Alƙali. Sai a ɗora farantin a kan farin tire, ya haska masa tocila mai ƙarfi, ya rufe idon hagu, ya sunkuya ya duba da na dama. In ya ga ƙyalli ko layi ko ɗigon toka sai ya ce, "Koma." In bai ga komai ba sai ya ce, "Babu." Wannan kalma ɗalibai suke marmari, wasu har rungumar juna suke yi in sun ji ta.

Wanda bai taɓa ganin baƙin nan ba ba zai gane ba. Baƙin gawayi ko na gindin tukunya, ido yana samun inda zai sauka a kai. Wannan kuwa sai ka ga kamar an yanke tsakiyar tiren an bar rami, ramin da ba shi da ƙasa. Sabon ɗalibi yakan miƙa yatsa ba tare da ya sani ba, sai an buge hannun. Akwai wata da ta leƙa sau ɗaya ta ce kanta yana juyawa, ta fita ta zauna a bakin matakala, ba ta sake yarda ta tsaya kusa da tiren ba.

Kuma duk wanda ya daɗe yana kallonsa a ƙarƙashin tocila, in ya ɗaga kai sai wani tabo ya biyo shi a ido, ya ɗan jima sannan ya watse. Rakiya suke ce masa. Har abin fahariya ya zama a tsakaninsu, wai iya kyan faranti iya nisan rakiyarsa. Wani ya ce nasa ya raka shi bakin ƙofa, wani ya ce ai shi har wurin ajiye motoci. Mutane masu digiri bisa digiri, amma a kan wannan wasa ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani, har ita Farfesar.

Wata shekara aiki ya yi kyau ƙwarai. An gyara tanderu, an canza gas, faranti suna ta fitowa lafiya lau. A shekarar ce rakiyar Alƙali ta fara nisa. Da farko har bakin titi, sannan ta shiga motar haya da shi, wata rana kuma ya buɗe ƙofar gidansa ya ga tabon yana nan zaune a kan labule. Washegari ya ba da labari a ɗakin canza kaya, yana ƙoƙarin zura ƙafa a riga.

"Jiya fa har gida aka kai ni," in ji shi.

Ɗalibai suka yi ta shewa. Ɗaya ya ce, "Alƙali, ai ka gama da mu, ba mai kamo ka kuma." Farfesa tana ɗaure hula ta yi dariya ta ce to a rubuta a bango, an kafa tarihi.

Matarsa ce ta fara jin abin bai kwanta mata ba. Tela ce, a falo take ɗinki, kuma tun aurensu shi yake zura mata zare a allura, yana yi yana yi mata gori. Ran nan ta miƙa masa kamar kullum. Ya lashi zaren, ya kai, ya wuce. Ya sake, ya wuce. Ya juya wajen ƙofa don haske, ya karkata kai, zaren ya yi ta bin iska.

"Kawo nan," ta ce. "Baban yara, me ya sami idonka?"

"Ba komai, rakiya ce. Aiki ne ya yi kyau."

"Rakiya? Wane irin mai rakiya ne wannan da ba ya komawa gidansu? Tun makon jiya kake zuba shayi a gefen kofi, ina gani na yi shiru. Ka je asibiti."

"Ke dai allura kika sani. Kowa a wurinmu yana samun haka."

"Kowa yana zuba shayi a tebur?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya ɗauki rediyo. Ba taurin kai kaɗai ba ne. Mutumin da aka yi shekara da shekaru ana yabonsa a kan rashin ganin komai, da wuya ka sa shi ya ji tsoron rashin gani. Ga shi idon hagu yana rufa wa na dama asiri, in duk biyun suna buɗe duniya tana nan daidai, sai ɗan hazo a tsakiya.

Daga baya abubuwa suka fara lanƙwasa. Da rana tsaka zai dubi ƙofar ofis ya ga gefenta ya yi ciki, kamar wani ya jingina da ita daga baya. Layukan tayil ɗin ƙasa su taho a miƙe, su zo tsakiya su karkace su kewaye wani abu da ba ya nan. Wata rana a motar haya ƙura ta shiga idonsa na hagu, ya rufe shi, ya ɗaga kai zai biya kuɗi. Ga rigar kwandasta, ga hannunsa a miƙe, ga hular a sama, amma tsakanin hula da wuya babu fuska. Ya yi maza ya buɗe ɗaya idon yana hawaye, fuskar ta dawo, tana tambayarsa ko yana da canji. Tun daga ranar bai sake rufe idon hagu a waje ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

A wurin aiki kuwa dole ya rufe, haka aikin yake. Ya sunkuya, ya haska, ya duba. Babu. A kawo wani, babu. Mako ya zagayo bai ce wa kowa ya koma ba. Ɗalibai suka ce ko dai sun zama gwanaye ko Alƙali ya tsufa ya fara tausayi. Shi kansa yana mamakin irin baƙin da yake gani, mai zurfi, mai santsi, ko ƙura babu a kai. A ransa yana cewa bai taɓa ganin aiki irin na bana ba, a ƙasan ran kuma wani abu yana yi masa sanyi.

Wata la'asar ya ɗago daga kan tire ya manta bai buɗe idon ba. Mutum huɗu ne tsaye a gabansa cikin fararen riguna, a ƙarƙashin hasken nan rawaya, suna jiran hukunci. Ya dubi na farko, tsakanin hula da takunkumi babu ido, sai rami. Ya juya ga na biyu, idanun na farkon suka dawo a gefe, na biyun suka tafi. Duk wanda ya duba sai ya zama riga tsaye ba kowa a ciki. Injin iska yana ta gurnaninsa. Daga cikin ɗaya rigar murya ta fito, ta ce, "Alƙali, yaya? Ya yi?" Muryar ɗalibar da ya fi sabawa da ita ce, amma sai da ya dafa tebur. Ya ce ya yi, ya ajiye tocila ya fita, ya zauna a benci da rigar aiki a jikinsa, abin da in wani ya yi shi da kansa yake yi masa faɗa.

Asiri ya tonu ne da sakamakon injin awo ya fara dawowa. Farantan da ya ce babu, wasu da layi, wasu da toka, ɗaya ma rabinsa bai tsira ba. Farfesa ba ta kira shi ofis ba, ba ta yi masa magana a gaban kowa ba. Washegari da hantsi ta sallami ɗalibai su je shan shayi, ta shigo ita kaɗai da tire a hannu.

"Malam, duba mini wannan," ta ce. Ita ba ta taɓa ce masa Alƙali ba.

Ya karɓa, ya kunna tocila, ya rufe hagu, ya sunkuya. Ya daɗe, don aikin Farfesa ne da kanta. Rami ne sosai, mai kyau, ba ƙyalli ko kaɗan.

"Babu," ya ce. "Wannan ya fi na jiya ma."

Ta matso kusa da shi.

"Buɗe ɗaya idon," in ji ta a hankali.

Ya buɗe. Farantin sabo ne fil, ko ƙofar tanderu bai taɓa gani ba, yana walƙiya kamar madubi. Hasken tocilar yana dawowa yana dukan fuskarsa, ga hoton idonsa nan a ciki yana kallonsa. Ya rufe hagun, komai ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Ya kashe tocilar, ya ajiye ta a gefen tire.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun bara. Ai na faɗa muku, ranar da na ce an kai ni gida."

Farfesa ta tuna, ya ga ta tuna, don idanunta sun sauka ƙasa. Ta ce, "Cire rigar nan, mu tafi. Kira uwargida ta same mu a can."

A motarta ta kai shi asibitin ido. Aka ɗiga masa magani, fitilun ɗakin jira suka kumbura suka yi gashi. Matarsa ta iso da zare maƙale a gyale, ta zauna kusa da shi, ba ta ce ai na gaya maka ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Likitan, wani mai ƙaramin gemu da sanyin murya, ya sa shi ya ɗora haɓa a kan wata na'ura ya leƙa cikin bututu. Alƙali ya leƙa, sai ya ga bangon bututun baƙi ne irin wanda ya sani.

"Likita, da me aka shafe cikin nan?"

Likita ya ce shi bai sani ba, haka aka kawo ta. Farfesa da ke tsaye a baya ta ce, "Irin namu ne, Malam. Yi shiru ka duba gaba."

Hoton bayan idonsa ya fito a allo, fes, har ƙananan jijiyoyi ana gani. Likita ya nuna da biro. Ya ce wasu jijiyoyi ne suka tsiro inda bai kamata ba, a daidai wurin da mutum yake ganin fuska da rubutu, suka yi ta yoyo. Ba aikin ne ya jawo ba, ciwo ne da ke zuwa wa wasu da shekaru, kuma in an zo da wuri ana tsayar da shi da allura. Na dama ya riga ya yi tabo, ba abin da za a yi masa. Na hagu ma ya kama, ya ci wuri, za a yi ƙoƙari a riƙe abin da ya rage.

"Baba, me ya hana ka zuwa tun farko?"

Alƙali ya ce, "Mun zaci aiki ne ya yi kyau."

Likita ya dube shi, ya dubi Farfesa, bai gane ba, kuma ba wanda ya yi masa bayani. Matarsa ta juya baya tana goge fuska da gefen gyale.

Farfesa ta soke duba faranti da ido a ɗakinta, ta ce ko za a yi wata ana jira, injin za a jira. Ta tura kowa aka duba masa ido, ta kuma hana wasan rakiya. Ta so ya zauna ya riƙa koya wa sababbi tanderu, ya gwada na ɗan lokaci, amma ya kasa jure ɗakin. Hagun ma yanzu yana cinye tsakiyar abu, kuma ba zai iya wuni cikin fararen riguna marasa ido suna yi masa magana ba. Ya ajiye aiki. Duk wata yana zuwa a yi masa allura a ido, yana kwance yana ganin inuwarta tana shigowa daga gefe.

A asibitin aka koya masa wata dabara. In yana son ganin abu kada ya dube shi, ya dubi gefensa, sai abin ya bayyana a wutsiyar ido, dishi-dishi amma yana nan. Da haka yake gane agogon bango, da haka yake tsallaka titi. Maƙwabta da ba su sani ba suka ce tun da ya bar aiki ya zama mai girman kai, ana gaishe shi yana kallon wani wuri. Abin yana yi masa ciwo, amma ya gaji da bayani.

Ana nan sai autarsa ta haihu. Suka je asibitin haihuwa da rana, shi da matarsa, ɗakin cike da dangin mijin. Aka zaunar da shi a kujera, aka ɗora masa jaririyar a cinya, naɗe cikin farin tawul. Zumuɗi ya sa ya manta da dabara, ya sunkuya ya dube ta kai tsaye. Ga tawul, ga ɗan hannu ya fito yana motsi, ga nauyinta da ɗuminta a jikinsa, a tsakiya kuwa rami. Saura kaɗan ya sake ta. Ya ƙanƙame ta, ya kawar da fuskarsa ya dubi bango.

Uwar mijin ta yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "Ikon Allah. Ko don mace ce ya juya mata baya?"

Autar ta ɗago daga kan gado. "Baba, ba za ka dube ta ba?"

"Dubanta yake yi," in ji matarsa. "Ku yi masa shiru."

Daga can gefe fuskar ta fara fitowa a hankali. Goshi, kunne ɗaya a naɗe, ɗan baki yana tsotsar iska. Jaririyar ta buɗe ido. Daɗi ya kama shi, kansa ya juyo da kansa don ya gan ta sosai, sai ta ɓace. Ya mayar da fuska bango, ta dawo. Hawaye suka zubo masa, yana jin haushinsu don suna ɓata masa ɗan abin da yake gani, kuma ba shi da hannun gogewa.

Wata daga cikin dangin ta matso za ta karɓe ta, ta ce ya gaji.

"Ku bar mini ita tukuna," ya ce, idonsa a kan bango. "Ban gama ba."